Yadda ake zaɓen zare da haɗa launi kafin a saƙa gyale da hannu

Gyale da mayafin wuya ba sa ɓoye aibin zare. Gwado in ya yi kaushi sai a shimfiɗa shi, jaka in ta yi tauri ma an ji daɗi. Amma abin da zai wuni yana gogar wuya da kunci dole ya yi laushi, ya riƙa zubowa a kafaɗa, kuma kada ya bar wa farar riga shuni. Duk wannan tun a wurin mai sayar da zare ake yanke shi, kafin a kafa turakun wadari, wato zaren tsaye da ake fara miƙewa a masaƙa. Za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: gyale mai tsawon santimita 180, faɗin santimita 30, da geza ta santimita 10 a kowane baki. Wanda ke son wani awo daban sai ya sauya lambobin, hanyar lissafin ɗaya ce.

Wa zai yafa, kuma a wane lokaci?

In na yau da kullum ne, wanda za a yi gumi a ciki a riƙa wankewa, auduga ce. Tana shan gumi, tana jure sabulu, kuma wanki ƙara mata laushi yake yi. Aibinta biyu: tana yamutsewa, kuma tana tsukewa a wankin farko, sau da yawa da kusan kashi 10 cikin 100.

In na hunturu ne, ana neman ulu. Sai dai a sani, yawancin abin da ake kira ulu a kasuwanninmu, wanda ake saƙa hulunan jarirai da rigunan sanyi da shi, na roba ne. Yana da araha, launinsa ba ya cika zuba, asu ba ya cin sa. Amma ba ya shan gumi, yana yin ƙurajen gashi inda ake gogawa, kuma dutsen guga mai zafi na narka shi. Ulun gashin tumaki na gaske ya fi ɗumi, ya fi tsada, wani kuma yana ƙaiƙayi. Kafin ka saya, ɗora dunƙulen a wuyanka ko bayan kunne na minti ɗaya. Tafin hannu ya saba da aiki, ba zai gaya maka gaskiya ba.

Silikin kanti, mai sheƙi da santsi, shi ya fi kowane zare zubowa. Santsin nan kuma shi ne matsalarsa: ƙulli na kwancewa, saƙar na zamewa ta bar rami in ba a matse ta ba. Mai koyo ya fara sa shi a ƙoshiya tukuna, wato ya zama zaren kwance da ke ratsa na tsaye. Ita kuwa tsamiya, silikin da ake samu daga gidan tsutsar da ke zama a itatuwa irin su tsamiya, launinta na asali ruwan ƙasa ne mai haske, tana da daraja a wurin masu ɗinkin manyan riguna, amma tana da ɗan kaushi. A gyale ta fi kyau a matsayin ratsi kusa da bakuna biyu, inda ba ta taɓa wuya. Haka ma zaren ƙyalli: sili biyu ko huɗu sun isa, in ya yi yawa sai ya riƙa yagar fata.

In kana shakkar abin da aka sayar maka, yanki ɗan guntu, riƙe shi da hantsaki a kan kwanon ruwa, ka kusantar da ashana. Auduga na kamawa nan da nan, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske da siliki na gaske suna warin ƙonannen gashi, wutar na mutuwa da kanta, su bar baƙin dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Na roba yana narkewa, yana warin leda, ya bar ƙwallo mai tauri. Silikin kanti da ya ƙone kamar takarda, daga itace aka sarrafa shi, kuma irin wannan yana rauni sosai in ya jiƙe, don haka ba a murɗa shi wajen matsewa.

Zaren wadari da zaren ƙoshiya

Masu kaɗi sun daɗe da raba su: zare mai murɗi sosai na wadari, abawa mai kauri da sassauci ta ƙoshiya. Dalilin a bayyane yake. Zaren wadari yana miƙe a ɗaure tun daga farkon aiki har ƙarshe, allera, wato igiyoyin da ke buɗe bakin saƙa, na ɗaga shi tana sauke shi, matsefin da ake matse saƙar da shi na gogarsa sau dubbai. Na ƙoshiya kuwa sau ɗaya yake wucewa ya kwanta.

Saboda haka a yi wa duk zaren da za a sa a wadari gwaji uku. Naɗa shi a hannu biyu ka fizga: in ya tsinke da ƙara, ɗas, yana da ƙarfi, in kuwa ya saɓule a hankali kamar ana jan auduga, mayar da shi ƙoshiya. Sai ka miƙe shi ka kankare wuri guda da farce sau ashirin ko talatin. In ya yi gashi ya kumbura, haka zai yi a matsefi, sili ya manne wa ɗan'uwansa, bakin saƙa ya ƙi buɗewa. Na uku, ja shi ka saki ka ga yadda yake miƙewa. Duk zaren da zai shiga wadari guda ya zama miƙewarsu ta yi kusa da juna. In ka jera auduga da ulun roba, bayan rabin mita za ka ga ratsin ulun ya yi lako-lako, na auduga kuma ya ɗame kamar tsarkiya.

Zare mai tufka biyu ya fi mai sili ɗaya aminci a wadari. In kuma kana son zaren kaɗin hannu, wanda hakika ya fi na kanti rai a ido, to sai an ba shi sitaci. Jiƙa damin zaren sosai, tsoma shi a sitacin rogo ko na shinkafa mai ruwa-ruwa, matse, karkaɗe shi don silin su rabu, ka rataye a inuwa da ɗan nauyi a ƙasa. Sitacin zai kwantar da gashin, kuma zai fita a wankin farko.

Laushin gyale yawanci daga ƙoshiya yake zuwa. Wadarin auduga mai ƙarfi da abawa mai laushi haɗi ne da ba ya ba da kunya.

Kaurin zare da yawan sili

A kan dunƙulen zaren kanti ana rubuta lamba kamar 8/2 ko 20/2. Ta farko kauri ce, kuma da girmanta da sirantar zaren. Ta biyu yawan silin da aka tufke. Audugar 8/2 tana ba da kusan mita 6.7 a kowane giram, ta 20/2 kuwa kusan mita 17. In babu lamba, auna mita 20, ka ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, ka raba mitocin da giram ɗin. Wannan lambar ita za ta gaya maka nawa za ka saya.

Ga mai farawa, 8/2 ko makamancinsa ya fi sauƙi. Yana da kaurin da ido ke gani, kuma gyalen ba ya yin nauyi.

Don sanin sili nawa za su shiga santimita guda, naɗa zaren a jikin rula har ya rufe santimita 2. Kowane zagaye ya taɓa na kusa da shi, kada a ja, kada a cusa. Ƙirga. A ce ka sami 32, wato 16 a santimita. Saƙa ta gama-gari, sili ɗaya sama ɗaya ƙasa, rabin wannan take ci, domin zaren ƙoshiya ma yana bukatar wurin wucewa. Ke nan sili 8 a santimita. In zaren mai santsi ne ƙara ɗaya, in ulu ne mai kumbura a wanki rage ɗaya.

Yanzu duba matsefinka. Matsefin hannu ba lallai haƙoransa su zama daidai ba, don haka ƙirga gurabe a kan santimita 5 ka raba. In gurbi 4 ne a santimita, sili bibbiyu ke nan a kowane gurbi.

Masaƙar mata ta tsaye tana da nata hali. A can zaren wadari yana matsuwa har ya rufe na kwance kusan gaba ɗaya, saboda haka yawan silin yakan kai ninki biyu na wannan lissafi, kuma launin da za a gani na wadari ne kawai. Mai saƙa gyale a irin wannan masaƙa ta ɗauki zare siriri, in ba haka ba zai fito da tauri kamar majanyi.

Nawa za a saya

Ido ya san ƙima, amma a nan a ɗauki biro. Zare ya ƙare saura taƙi ɗaya, a koma kasuwa a tarar launin ya sauya, wannan shi ne ɓacin ran da aka fi yi.

Faɗi: saƙa na shigewa ciki a kan masaƙa, ta ƙara tsukewa a wanki. Don a sami santimita 30, a jera 34. Sau 8, sili 272. Ƙara sili bibbiyu a kowane gefe don baki ya yi ƙwari, ya zama 276.

Tsawo: don a sami 180 bayan wanki, a saƙa 200. Zaren wadari yana lanƙwasa sama da ƙasa yayin saƙa, wannan na cin kusan kashi 10, ya zama 220. Ƙara santimita 20 na gwaji, da santimita 60 na ɗauri da abin da allera ba ta bari a saƙa. Daga wannan ragowar geza za ta fito. Jimla mita 3. Sili 276 sau mita 3, mita 828.

Ƙoshiya: kowane wucewa yana cin kusan santimita 38, domin ba a miƙe yake kwanciya ba. Wucewa 8 a santimita, sau santimita 220 har da gwaji, 1,760 ke nan. Sau 0.38, kusan mita 670.

Duka kusan mita 1,500. A audugar 8/2, giram 225. Sayi 260 zuwa 300, saboda tsinkewa da gwaje-gwajen da ke gaba.

Mai masaƙar maza ta ƙasa, wadda ke fitar da saƙa siririya, zai raba faɗin gida uku: sili 92 a wadari, a saƙa tsawon gyalen sau uku a jere, ana barin santimita 25 ba saƙa a tsakani domin geza, sannan a yanka a haɗe da allura. Wadarin zai kai kusan mita 8. Abin lura a nan shi ne ratsin ƙoshiya. In ba a auna shi da kara mai alama ba, ranar haɗi ratsin wannan ba zai haɗu da na wancan ba. Ratsin wadari ba shi da wannan fitina.

Launi

Nan ne aka fi yin asara, kuma dalilin guda ne. Mutum ya jera dunƙulen ja da na kore a kan tebur, ya ga sun yi kyau, ya manta cewa a masaƙa ba za su zauna gefe da gefe ba. Ratsa juna za su yi, sili bisa sili, su zama ɗigo-ɗigo ƙanana. Daga taku uku ido ba ya raba ɗigon, gauraya su yake yi. Jan wadari da koren ƙoshiya ruwan ƙasa mai dauɗa suke bayarwa. Shuɗi da ruwan goro su koma toka-toka. Shunayya da ruwan ɗorawa su kashe juna. Da sirantar zare da tsananin wannan gaurayar.

Wasu haɗin kuwa gaurayar ce kyansu. Shuɗi da ja suna ba da shunayya mai zurfi. Ruwan ɗorawa da ja su ba da ruwan goro mai rai. Shuɗi da kore, ko ruwan hanta da ruwan hoda, 'yan gida ɗaya ne, ba sa faɗa. Fari a ƙoshiya yana dusashe duk launin wadari, ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya koma ruwan bula. Baƙi ko shuɗi mai duhu a ƙoshiya yana sa launuka su yi zurfi su fito. Wanda ya jera wadari mai launi da yawa ya rasa abin da zai sa a ƙoshiya, ya gwada mai duhu kafin ya gwada fari.

Kana iya ganin sakamakon tun a rumfar mai zare. Ɗauki sili biyu, ɗaya daga kowane launi, murɗa su tare kamar igiya, ninka sau da yawa, ka ba wani ya riƙe ka ja da baya taku uku ko huɗu. Launin da ka gani shi ne launin gyalen. Kuma ka fito da zaren waje, cikin inuwa mai haske. Ƙwan lantarki fari na rumfa yana ƙara wa shuɗi ƙarfi, mai ja-ja kuma yana ɓoye bambancin fari da ruwan madara.

Abu na biyu, wanda ya fi sunan launi muhimmanci, shi ne haske da duhu. Jera zaruruwan, ɗauki hotonsu da waya, mayar da hoton baƙi da fari. In duk sun zama toka iri ɗaya, ratsin da ka wahala kana ƙirgawa ba zai fito daga nesa ba, ko da ɗaya ja ne ɗaya kore. In kana son ado ya fito, a sami mai duhu, mai haske, da na tsakiya. In kuma kana son gyale mai natsuwa, wanda sai an matso ake ganin aikinsa, to ka zaɓi masu kusanci da gangan.

Masaƙan ƙasar Hausa sun warware wannan tun da daɗewa. Saƙi zare ne mai duhun baba da mai haske, a jere ƙanana a tsaye da kwance, ya fito kamar jikin zabo. Launi biyu kacal, amma tazarar haskensu ta isa. Alharini kuwa, jan silikin nan da fatake suka riƙa kawowa Kano a da ta hamada daga Tarabulus, tsadarsa ta sa ana yawan sa shi a matsayin ratsi cikin shuɗi ko fari, kuma ƙarancinsa ne ke sa ido ya tafi kansa. Darasin yana nan: launi ɗaya ya yi sarauta, na biyu ya rufa masa baya, na uku ya zama ɗan gishiri. Uku a raba daidai wa daida, sai gyale ya zama tutar ƙungiyar ƙwallo.

Ga tsari a kan sili 276 ɗin nan. Daga gefe: shuɗi 30, fari 8, ja 6, fari 8. Tsakiya: shuɗi 4, fari 2, a maimaita sau 28, a rufe da shuɗi 4. Sai ɗaya gefen a juye: fari 8, ja 6, fari 8, shuɗi 30. Shuɗi ya tashi sili 176, mita 528. Fari sili 88, mita 264. Ja sili 12, mita 36. In ƙoshiya duk shuɗi ce, shuɗin zai kai giram 180, fari 40, ja bai kai 10 ba. Lura da farin da ya tsare jan ta kowane gefe. Ja da shuɗi mai duhu kusan nauyinsu ɗaya ne a hoton baƙi da fari, in sun haɗu kai tsaye jan zai nutse. Kuma launi mai duhu a bakin gyale yana ɓoye ƙananan kurakuran gefe, ya ɓoye dauɗar hannu.

Kafin wadari, yanki kwali mai faɗin santimita 34, ka naɗa zaruruwan a kansa bisa wannan tsari. Aikin minti talatin ne. Jingina shi a bango, duba daga nesa, ɗora shi a kan rigar ko atamfar da za a yafa gyalen da ita. In atamfar mai yawan zane ce, ɗauko launi ɗaya daga cikinta ka bar gyalen ya yi shiru. Wanda zai yafa a hunturu kuma, fari fat ba ya kai azahar bai yi ja ba, ruwan madara ko ruwan toka sun fi haƙuri da ƙura.

Zaren nan mai launi-launi a dunƙule guda yana jan ido a kasuwa. A sa shi a ɓangare ɗaya kawai, ɗayan ya zama launi guda. In an sa shi a duka biyun, sai ya fito kamar an zubar da fenti.

Zuba da koɗewa

Tsarin da ke sama ya haɗa fari da ja da shuɗi, wato in ɗaya ya zuba an gama. Yanki mita guda daga kowane launi mai duhu, jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu na minti 20, sa shi tsakanin farin ƙyalle ninki biyu ka danna da dutsen guga. In ƙyallen ya ɗauki launi, sai an wanke zaren duka kafin wadari. Kwance shi ya zama dami, ɗaure damin a wuri huɗu sako-sako don kada ya cukurkuɗe, ka wanke ka ɗauraye har ruwan ya fita fes. Jan galura ya fi kowa wannan hali. In an ɗauraye sau biyar yana nan yana zuba, a bar shi. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya kama rinin da bai kama ba tun farko.

Rinin baba nasa daban ne. Ba ya narkewa a ruwa kamar galura, amma shunin da ya zauna a bayan zare yana gogewa ko a bushe. A turkuɗi da rawanin Buzaye wannan ado ne, har ana so ya shafi fata. A gyalen da za a ɗora kan farar shadda kuwa, abin kunya ne. Goga busasshen zaren da farin ƙyalle sau goma ka gani. In za ka kai farin zare marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano ko wata da ke kusa da kai, fara dafa shi da sabulu don man auduga ya fita, in ba haka ba rinin zai kama dabbare-dabbare. Gaya wa marini na wuya ne. Tsomawa da yawa, ana shanyawa iska na bugunsa a tsakani, ta fi tsomawa ɗaya a baba mai ƙarfi kamawa. Kuma ka kai duk zaren a rana guda, domin karofi ba ya ba da launi iri ɗaya yau da jibi. Haka ma a kanti: launi ɗaya, kwali ɗaya, saye ɗaya.

Rawayar gangamau tana da kyau ranar farko, amma rana na cinye ta da wuri. Don gwada koɗewa, naɗa zare a kwali, rufe rabi da wani kwalin, ajiye a rana mako guda, ka buɗe ka kwatanta.

Santimita 20 na gwaji

Bayan an ɗaura wadari, kada a fara gyalen. Saƙa santimita 5 da kowane zaren ƙoshiya da kake tunani: shuɗi, fari, baƙi, da wani da ba ka zata zai yi kyau ba. Sau da yawa shi ke cinye gasar. Ƙirga wucewa a santimita. In sili 8 ne a tsaye, a nemi 8 a kwance, ko 7. A kan masaƙa ya kamata ka riƙa hango ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu tsakanin zaruruwa, wanki ne zai rufe su. Hannun da ya saba da gwado yakan buga da ƙarfi, gyale kuwa ajiye zaren ake yi da matsefi, ba dukansa ba.

Yanke gwajin, ɗinke bakinsa, auna faɗi da tsawo ka rubuta. Wanke shi yadda mai gyalen zai riƙa wankewa, shanya, goge, sake aunawa. In santimita 34 ta koma 30, lissafinka ya yi. In ta koma 28, ka san tsawon ma zai ci fiye da yadda ka ware, sai ka ƙara abin da za ka saƙa ko ka rage geza. Dunƙule shi a hannu ka saki, ɗora shi a wuya.

Abin da gwajin ke nunawa yana da fassara. In ya yi tauri kamar tabarma, bugu ya yi yawa ko silin sun matsu. In ka tura yatsa zaren ya zame ya bar rami, sun yi nisa da juna, ko zaren ya cika santsi. In wani ratsi ya tattare ya yi kumbo-kumbo bayan wanki, an haɗa zaruruwan da tsukewarsu ta bambanta, kamar ulun tumaki da auduga, ko audugar kaɗi da ta kanti. In saƙar na murɗewa ta ƙi kwanciya, murɗin zaren ya yi yawa: jiƙa damin a ruwan zafi, rataye shi da nauyi ya bushe kafin a naɗa a kwarkwaro. In gefe na shigewa ciki har silin baki na tsinkewa, ana jan zaren ƙoshiya ne. A bar shi ya kwanta a karkace kafin a buga, don ya sami abin lanƙwasa.

In kuma wani layi ya fito a tsaye da ɗan bambancin launi, dunƙule biyu ne daga rini daban. A wadari babu gyara sai a cire silin. A ƙoshiya ana iya ɓoye shi: ɗauki ƙoshiya biyu, tsohon zare a ɗaya, sabo a ɗaya, a riƙa musanya su bayan kowane wucewa biyu na tsawon santimita 10, har sabon ya karɓa ba tare da ido ya kama wurin ba.

Geza ma zaren wadari ce, don haka halinsa za ta ɗauka. Auduga mai tufka biyu tana jure a bar ta a sake bayan an ƙulla sili takwas-takwas. Zaren kaɗi, ulun roba da silikin kanti suna warwarewa su cukurkuɗe a wanki, su sai an tufke: ɗauki rukuni biyu na sili huɗu-huɗu, murɗa kowanne ta gefen da murɗinsa yake, haɗa su ka bar su su naɗe ta ɗaya gefen, ƙulla baki. Tufka na cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawo, saboda haka mai son geza ta santimita 10 ya bar 14 kafin ya sa almakashi, kuma a gama tufkar kafin gyalen ya shiga ruwa.